Golmon Mai Lissafin Wuta

Ranar da maigidana ya fara zuwa gaishe da Baba, lokacin bai zama maigidan kowa ba tukuna, Baba bai tsaya duban fuskarsa ba. Hannunsa ya kama. Ya buɗe tafin, ya juya shi, ya latsa da babban yatsa kamar mai tayin kaza a kasuwa, sannan ya sake shi ya ce in kawo wa baƙo ruwa. Ina zuba ruwan ina cizon leɓe, don na san Baba, na kuma san abin da ya gani: tafin hannu mai laushi wanda bai taɓa riƙe ƙotar garma ba.

A Rikoto, cikin garin Zuru, gidanmu yake. Baba tsohon soja ne, sashen sigina, ya yi rayuwarsa yana goye da rediyo a baya har ya yi ritaya ya dawo gida ya kama noma. Mama ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare. Yayyena maza duk sun bi sawun Baba, kowa na barikinsa, sai ni auta na rage. Ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata, in dawo in tuƙa mana tuwon dawa, mu ci, mu yi gardama a kan gishirin miya.

Shi kuwa manemin nawa ɗan Bena ne a asali, amma a bariki aka haife shi, a bariki ya girma, yau Kaduna gobe Legas. C'lelarsa, wato harshen ƙabilarmu, ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. A bikin wata 'yar'uwarsa muka haɗu a majami'armu, ya zo hutu daga Japan inda yake karatun digiri na uku. Ya koma, muka daɗe muna magana ta waya, har maganar ta yi nauyin da waya ba za ta iya ɗauka ba, ya turo kawunsa.

Kawun ya zo da dattawa, aka gaisa, aka sha kunu. Baba ya saurare su har suka gama, sannan ya ce:

"Ni na yi wa uwarta golmo. Wanda ke son ɗiyata zai shiga gonata damina guda. In damina ta fita zan ba shi amsa."

Ga wanda ba ɗan ƙasarmu ba, golmo noma ne da saurayi ke yi wa uban yarinyar da yake so. A zamanin su Baba shekara da shekaru ake yi kafin a ba ka mata. Yanzu yawancin gidaje sun sassauta, wasu ma sun bari gaba ɗaya. Baba a yawan shekarun kawai ya sassauta.

Baƙi na fita na buɗe masa wuta. Na ce mutum yana can yana karatun da ko sunansa ba mu iya faɗa ba, ka ce ya zo ya yi maka huɗa? Na ce wannan ba al'ada ba ce, mugunta ce. Baba ya ci gaba da murɗa rediyonsa yana neman labaran yamma. Ya san abin da na sani: komai tsawon bakina, ba zan sa ƙafa a jirgi ba sai da yawunsa. In ya ce a'a, magana ta mutu, ni kuma ina son mutumin nan kamar raina.

Na kira manemin nawa a waya ina huci, ina jiran ya taya ni fushi. Sai ya ce, "To, zan zo." Haka kawai. Ya roƙi babban malaminsu ya bar shi ya yi aikinsa daga gida na damina ɗaya, ya sauka a gidan kawunsa da jakar kaya da kwamfuta, ana saura kaɗan ruwan shuka ya sauka.

Wata yamma a ƙarƙashin mangwaron gidanmu na ce masa, tunda har da aikin nan zan aura, ka faɗa mini shi da Hausa, ban da manyan kalmomi. Ya waiga ya ga gammon da nake ɗaukar ruwa da shi, ya ɗauko.

Ya ce wutar da ke cikin rana ba itace take ci ba. Zafi ne ke matse ƙananan ƙwayoyi har su haɗe, haɗuwar ta fitar da ƙarin zafi. Mutane suna so su kunna irin wannan wutar a ƙasa don a samu lantarki. Matsalar ita ce babu tukunyar da za ta riƙe ta, ko ta wane irin ƙarfe ce. Don haka iskar da aka zafafa ɗin, wadda suke kira filasma, da ƙarfin maganaɗisu ake riƙe ta a tsakiyar tukunya, ta yi zobe kamar gammon nan, tana juyawa ba ta taɓa bango ba. Don ta yi zafi, lantarki kuma ya riƙa zagayawa a cikinta, sai a harba mata igiyar rediyo, irin wadda ke kawo wa Baba labarai, sai dai mai ƙarfin gaske. Igiyar takan hankaɗi wasu daga cikin ƙwayoyin lantarkin da ke ciki, su kwasa da gudu su bar sauran can baya. Masu gudu ya kira su, ni ma haka nake kiransu har yau.

"Kai kake kunna wutar?" na tambaye shi.

Ya ce a'a, wasu ne ke kunnawa. Shi kwatankwacinta yake ginawa a cikin kwamfuta, ya zuba mata lissafi, ya ga inda gammon ya kamata ya zauna daidai, inda turin da yake yi waje da riƙon da maganaɗisu ke yi masa za su zo ɗaya. Abin da ya dame shi shi ne, a kwamfuta gammon wuri ɗaya yake zama, a tukunyar gaske kuma sai a gan shi ya jingina can waje. Masu gudu yake zargi. Ba su da yawa, shi ya sa aka saba yin lissafin ba tare da su ba, amma shi yana ganin su ke ɗauke da mafi yawan lantarkin, kuma turinsu ya isa ya karkata gammon. Sa su a lissafi kuwa aiki ne mai zagaye. Igiya ta tura masu gudu, masu gudu su sauya zaman maganaɗisu, sabon zaman ya lanƙwasa hanyar igiyar, a sake komawa farko, a yi ta yi har komai ya natsu ya daina motsi.

Na ce, "Wato kai wutar da ba ka taɓa jin ɗuminta ba kake wa lissafi, ni kuma nan murhu na ƙona ni kullum ba wanda ya ba ni digiri."

Ya yi dariya har gammon ya faɗi. Sai daga baya ya faɗa mini sauran, a hankali, kamar ba ya so in ji. Kwamfutarsa ta hannu saƙo kawai take aikawa. Ainihin lissafin wata babbar kwamfuta ce ke yi a can, wadda ake bin layi a kanta, kuma lokacin da aka ware wa ƙungiyarsu zai ƙare kusan tare da damina. In bai gama ba layi ya wuce shi, karatunsa ya ja baya. Sannan taron da suke yi a ƙungiyar da yammarsu suke yi, wanda ya zo daidai da hantsinmu, lokacin da kowane manomi ke duƙe a gona.

Ruwa ya sauka, ya shiga gona. Ta kusa Baba ya ba shi, wadda ke bayan dutse, don ɗaya gonar da ke hanyar Danko mun daɗe da daina zuwa saboda rashin kwanciyar hankali.

Allah ya sani na yi dariya, na kuma yi kuka. Mutumin nan noma ya ɗauka kamar lissafinsa. Ya kafa turaku ya ɗaure kirtani don kunya ta miƙe. Yau ya gwada riƙe ƙota daga sama ya bar komai yadda yake, gobe ya sauya tsayuwar ƙafa kawai, wai in ka sauya abu biyu lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Masu wucewa sukan tsaya su yi masa sannu da aiki, su yi gaba kafaɗunsu na rawa. Hannunsa ya yi bororo, bororon ya fashe, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Ranakun da ba makaranta in na kai masa kunu, da hannu biyu yake tallafar kwanon, don yatsun ba sa lanƙwasuwa. Bai taɓa cewa wash a gabana ba.

Abu ɗaya ne muka yi ta sa-in-sa a kansa. Golmo ba a yinsa mutum ɗaya. Saurayi da tsararsa yake zuwa, su jeru a gona, yau a yi na wannan gobe a yi na wancan. Shi ba shi da tsara a Zuru. Danginsa na Bena sun watse, abokan makarantarsa suna birane. Na ce bari in yi wa matasan majami'a magana, ba za su ƙi ni ba. Ya ƙi ƙememe.

"Ni nake son ki, ba su ba," ya ce. "In na kwaso mutane Baba zai ce na gaza ne."

Na ce nan ba ɗakin jarrabawa ba ne da za a ce ka yi satar amsa. Ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi, na mutumin da ya riga ya yanke shawara amma ba ya son faɗa. Kullum da sassafe shi kaɗai yake ratsa unguwa da garma a kafaɗa.

Aka yi shuka, aka yi noman farko, dawa ta tashi. Ni a ganina ko zuciyar dutse ce ya ci a ce ta yi laushi, amma fuskar Baba sai ƙara ɗaurewa take. Yakan je gonar ya tsaya a gefe da sandarsa. Na lura ba kunyoyin yake dubawa ba. Hanya yake kallo, ta inda mutum zai ɓullo, ya daɗe yana kallo, sannan ya amsa gaisuwa a taƙaice ya juya gida.

Ranar da na ga jini a ƙotar garma na kasa haƙuri. Na dire wa Baba kwanon tuwo har miya ta fantsama.

"Me kuma kake so, Baba? Sai ya mutu a gonar za ka yarda yana sona?"

Baba ya wanke hannu a hankali.

"Wa ya ce ba ya son ki? Makaho ma ya gani. Kunyarsa ma ba ta dame ni ba, ko ta karkace dawa za ta fito. Golmo ba gwajin ƙarfi ba ne, auta. Uban yarinya hanya yake duba, ya ga wa ya biyo yaron." Ya gutsuri tuwo bai kai baki ba. "Lokacin da ciwo ya fara kayar da uwarki ina can bakin daga. Wa ya ɗauke ta zuwa asibiti? Wa ya nome gona shekarar? Waɗanda muka yi golmo tare. Wanga yaro zai kai ki ƙasar da ko sunan garin ban iya faɗi ba. Ran da ya kwanta, wa zai ƙwanƙwasa miki ƙofa? Kullum ina duba bayansa, ban ga kowa ba."

Na goge miyar da ta zube na shige kicin.

Da na faɗa wa manemin nawa, sai ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Ba ni da kowa a nan." Na ce to yanzu sai a kira matasan. Ya ce Baba zai san na aro ne, kuma shi ba zai yi wa dattijo ƙarya da mutanen aro ba. Na rasa wanda zan fi jin haushi tsakaninsu.

Ga shi lissafin ma ya tsaya. In ya dawo daga gona sai ya hau dutsen bayan gidan kawunsa da la'asar, inda waya ta fi kamawa, ya buɗe kwamfuta da yatsun da ba sa jin magana. Sau da yawa a can barci ke kwashe shi. Ɗan abin da ya samu ya aika sai ya dawo masa ba a natse ba, gammon na ta lilo, lissafi ya zagaya ya zagaya ya faɗi. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Da aka shiga maimai, wato noma na biyu, ya gaya mini ya sanar da 'yan ƙungiyarsu ba zai iya haɗa biyu ba, noma yake yi don a ba shi mata, su yi haƙuri da shi. Na ji tsoro sosai a lokacin. Na ga zai rasa karatun, ya rasa ni, kuma duk a kaina.

Wata safiya cikin dogon hutu aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk da haka sai ga shi a ƙofar gida ya jiƙe sharkaf, wai ya biyo ne zai wuce gona. Baba ya leƙo ta taga ya ce ba mahaukacin da ke noma cikin wanga ruwa, ya shigo ya zauna. Jakar kwamfutar na rataye a ƙirjinsa cikin leda, don ɗakinsa na yoyo. Na ba shi tsohuwar rigar yayana ya sauya. Hantsi ya yi ruwa bai tsagaita ba, sai ya dubi agogo, ya roƙi Baba izinin shiga taronsu, tunda an daɗe rabonsa da shi. Baba ya ɗaga kafaɗa.

Ya ɗora kwamfutar a kan teburin falo kusa da taga. Fuskoki suka bayyana cikin 'yan akwatuna. Akwai wani tsoho mai farin kai, shi ne babban malaminsu. Akwai wata 'yar Indiya da jariri a kafaɗa, da wani dogon Bature mai gemu, da wasu samari 'yan Japan. Suna ganinsa suka hau ɗaga hannu suna magana lokaci guda. Murya na yankewa tana dawowa saboda ruwan.

Sai matar ta sa wani hoto. Zobe ne mai launi-launi, da wani farin layi a gefensa. Na ga manemin nawa ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Lafiya?" na ce masa.

"Ya matsa," ya ce da ni da Hausa. "Gammon ya matsa. An sa masu gudu a lissafin, ya jingina waje, ya kusa kai wa farin layin nan, inda yake zama a tukunyar gaske."

Bai kai gaba ɗaya ba, ta sama akwai sauran tazara, kuma nan take suka fara gardama a kan dalili. Amma ya natsu, ya daina lilo. Can sai ya katse su, ya tambaya wa ya yi wannan aikin, shi da rabonsa da aika komai tun farkon maimai.

Suka yi dariya. Matar ta gyara jaririnta ta ce raba shi suka yi. Ita ta ɗauki hanyar igiyar rediyo, mai gemu ya ɗauki masu gudu, samarin suka ɗauki zaman maganaɗisu, tsohon da kansa yake gadin layi, duk lokacin da lissafin ya faɗi ya tashe shi. Ta ce ka ce mana noma kake yi don a ba ka mata, mu kuma ba mu iya noma ba, wannan muka iya. Tsohon ya matso da fuskarsa ya tambaya a natse yaya amfanin gona.

Turancin Baba na bariki ne, ya kama wani ya saki wani. Ashe tun ɗazu ya kashe rediyonsa.

"Mi suka ce?"

Na faɗa masa duka, ban ƙara gishiri ba.

"Shi ya roƙe su?"

"A'a, Baba. Haƙuri ma ya ba su."

"Su ba su da nasu aikin?"

"Suna da shi. A kan nasu suka ɗora."

Baba ya jawo kujerarsa kusa, abin da bai taɓa yi ba. Ya nuna zoben da baki ya ce mi ne ne wannan. Manemin nawa ya yi masa bayani a gajarce yana i'ina. Da ya zo kan igiyar rediyo mai zafafa iska na ɗauka Baba zai yi tsaki, sai ya miƙa ɗan yatsansa, inda wani tsohon tabo yake, ya ce eriya ce ta yi masa haka ranar da ya taɓa ta ana aika saƙo, don haka ya san rediyo na da wuta. Ya bi fuskokin nan da ido ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan tsohon. Daga nan ya tashi, ya ɗauki lemarsa, ya fita cikin ruwan.

Ranar da za a fara huɗa na raka manemin nawa gona da jarkar kunu. Tun daga nesa muka ji hayaniya. Muna zagayo dutsen muka tarar da tsofaffi a bakin gona, kowa da garmarsa. Abokan golmon Baba ne, waɗanda suka rage da rai. Ɗaya ƙafarsa ta lalace tun yana soja, jan ta yake yi. Ɗaya ido ya tafi, ɗan'uwansa tsoho ke riƙe da hannunsa. Ɗaya dattijon majami'armu ne, ɗaya ya musulunta tun da daɗewa, ya zo da carbinsa a aljihu. Ga Baba a tsakiyarsu ya naɗe ƙafar wando.

Na ce, "Baba, uban yarinya ba ya shiga layin golmo."

"Yau ni ba uban kowa ba ne," ya ce. "Tsohon nan mai farin kai nake tsaya wa. Ya yi wa yaro aiki a can, bai iya zuwa nan ba."

Mai jan ƙafa ya ce shi ne mai gemu, tunda dama yana da gemun. Mai carbi ya ce a bar masa matar nan mai jariri, an ce ita ta fi su ƙoƙari. Aka yi ta musu a kan wa zai zama wa. Ashe Baba gida-gida ya bi su cikin ruwan nan ya ba su labari kaf. Suka tsige turakun da kirtanin suka jefar gefe, suka kama manemin nawa suka sa shi a tsakiyar layi, suka ɗauki waƙar noma da muryoyin da suka dushe.

Kada in yi ƙarya, aikin bai yi wani yawa ba. Hutunsu ya fi nomansu, kunyoyinsu sun fi nasa karkata, kunun da na kawo bai kai ko'ina ba sai da na koma gida na dama wani. Suna ta zolayarsa, wai riƙon garmarsa na mai riƙe alli ne. Shi kuwa yana sara yana share fuska da gefen hannu, na san ba gumi ne kaɗai ba. Ban taɓa ganin abin da ya fi layin nan kyau ba, na tsaya a inuwa ina kallonsu har rana ta raba tsaka.

Amma Baba bai ba da amsa ba. Muka dawo gida, ya yi wanka, ya kwanta a tabarma yana nishi, na shafa masa man zafi a baya ina dannawa fiye da yadda ya kamata. Na ce to, an yi waƙa, an sha kunu, sai me? Ya ce in rage hannu. Sai da na gama ya ce, "Ki gaya wa yaron gobe ya kira mutanensa. Ina da magana da su."

Washegari da hantsi Baba ya fito cikin rigarsa ta zuwa majami'a, ya sa hula, ya zauna a gaban kwamfutar a miƙe kamar za a ɗauke shi hoto. Fuskokin suka bayyana, aka gaisa. Na ɗauka da Hausa zai yi magana manemin nawa ya fassara, sai ya fara da C'lela. Haka Baba yake, in magana ta yi nauyi harshen uwarsa yake komawa. A ɗakin nan ni kaɗai ce ke jin C'lela da Turanci duka biyu. Ya yi mini nuni in durƙusa kusa da shi.

"Ki gaya wa tsohon nan mun yi musu rabonsu na gona, kamar yadda suka yi wa yaro nasa aikin."

Na faɗa. Tsohon ya sunkuyar da kai har farin gashinsa ya cika akwatinsa.

"Ki ce na ba ɗansu ɗiyata. Ba shi kaɗai na ba wa ba, su duka na ba."

Amsar da na yi wata da watanni ina faɗa a kanta ke nan, kuma da bakina aka sa ta fito. Na faɗa. Manemin nawa bai ji C'lelar ba, sai a Turancina ya ji an ba shi mata, ya zame daga kujera ya durƙusa. A can suka hau tafi, jaririn ya firgita ya fashe da kuka. Baba ya ɗaga hannu, bai gama ba.

"Ki ce ba ta da uwa."

Na faɗa.

"Ki ce tana da faɗa, kada su tsorata. In tana faɗa lafiyarta lau. Ran da suka ga ta yi shiru, su je gidan su duba ta. Kada su jira a kira su, don ba za ta kira ba."

Na tsaya. Turancin da nake koya wa yara kullum ya gudu ya bar ni. Ina kallon gefen fuskar Baba, sai a lokacin ya shige ni cewa mutumin nan shi kaɗai zai rage a gidan, kuma ya san haka tun ranar da ya ce a shiga gona. Su a can suna jira.

"Faɗa musu, auta," ya ce a hankali. "Ni ban iya ba."

Na share hanci da bakin zane, na faɗa musu kalma-kalma, ban rage komai ba. Matar ta rungume jaririnta ta ce sun ji. Tsohon ya ce gidansa ba shi da nisa da inda za mu zauna, kuma matarsa ba ta jira a kira ta.

"Mi ya ce?" Baba ya tambaya.

Na gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

"To," ya ce. "Sai ki fara haɗa kayanki."